Ailan ta Arewa: Yadda Aka Nemi Sasanta 'Yan Sanda da Unguwannin da Suka Daina Kiransu

A shekarun 1980 da na 1990, in ɓarayi suka fasa wa mutum gida a wasu unguwannin yammacin Belfast, babban birnin Ailan ta Arewa, ofishin 'yan sanda ba ya cikin wuraren da zai fara tunanin zuwa. Ofishin kuwa ba nisa ya yi ba. Yana nan a bakin titi, an zagaye shi da doguwar katanga da wayar ƙarfe, ga hasumiyar masu gadi a sama, ga kyamarori ta kowace kusurwa. Duk wanda aka ga ya shiga sai ya yi wa maƙwabta bayanin abin da ya kai shi, kuma ba lalle su gamsu ba. Masu daurewa su je, yawanci takardar da kamfanin inshora ke nema ce ta kai su. Sauran koke-koke, na yaran da ke satar motoci suna tsere da su cikin dare ko na masu sayar da ƙwaya, wurin 'yan bindigar unguwa ake kai su. Hukuncin waɗannan sananne ne: dukan kawo wuƙa, ko harbi a gwiwa, ko a ba mutum wa'adi ya bar gari.

Daga wannan hali aka tashi a 1998 ana neman dawo da yarda tsakanin 'yan sanda da mutanen da suke wa aiki. Lamarin ya cancanci a zauna a kansa, domin kusan duk dabarun da ake ambata in ana maganar haɗin gwiwa da jama'a an gwada su a nan, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, ga kuɗi, ga idon duniya. Bayan fiye da shekara 25 ana iya rarrabe wadda ta ɗauki nauyi da wadda ta tsaya a ado. A ganina, tarukan da ake kira a zauna da 'yan sanda a tattauna su ne mafi rauni a cikin tsarin. Inda zukata suka motsa shi ne inda aka tilasta wa rundunar ta saki wani abu daga cikin ikonta.

Tushen gabar

Ailan ta Arewa yanki ne na Birtaniya mai mutane kusan miliyan 2. Tun da aka raba tsibirin a 1921 mazaunansa suka kasu gida biyu: masu son a ci gaba da zama ƙarƙashin Birtaniya, galibinsu 'yan Furotesta, da masu son a haɗe da kudancin tsibirin, galibinsu 'yan Katolika. Rundunar 'yan sandan yankin, RUC, an kafa ta a 1922, kuma tun ranar farko aka ɗora mata aiki biyu: kama masu laifi, da kare gwamnatin da ɓangare guda bai amince da ita ba. An ware wa 'yan Katolika kashi ɗaya cikin uku na guraben aikin, amma ba a taɓa cike su ba. A ranar 5 ga Oktoba 1968 kyamarar talabijin ta ɗauki 'yan sanda suna lakaɗa wa masu zanga-zangar neman 'yanci duka da kulki a birnin Derry. Zuwa watan Agusta 1969 sojoji sun fito tituna. Rikicin ya ci shekara 30 da rayuka fiye da 3,500.

Su ma 'yan sandan sun ɗanɗana kuɗarsu. Kimanin 300 aka kashe a cikinsu, dubbai suka ji rauni. Ɗan sanda kan durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motarsa kowace safiya kafin ya tayar da ita. Matarsa ba ta shanya kakinsa a igiyar waje. 'Ya'yansa an koya musu wata sana'ar da za su ce ubansu yana yi in an tambaye su a makaranta. Ɗan Katolikan da ya shiga aikin kuwa abin nasa ya fi tsanani, don ƙungiyar IRA, ta 'yan bindigar da ke neman a haɗe tsibirin, na farautarsa, har ziyarar mahaifiyarsa kan gagare shi. Zuwa 1998 'yan Katolika sun haura kashi 40 cikin 100 na jama'ar yankin, amma a cikin RUC kashi 8 ne kacal. Wasu suka ce tsoro ne ya hana su shiga, wasu suka ce ƙyama ce. Duka biyun gaskiya ne, kuma kowane ɓangare na da mamatan da yake kuka a kansu.

Kwamitin Patten

Yarjejeniyar zaman lafiya ta Belfast, wadda aka cimma ranar 10 ga Afrilu 1998, ta daidaita batun raba mulki da sakin fursunoni. Batun 'yan sanda kuwa ya gagari 'yan siyasa, sai suka miƙa shi ga kwamiti mai zaman kansa a ƙarƙashin Chris Patten, gwamnan Birtaniya na ƙarshe a Hong Kong. Kwamitin bai kulle kansa a ofis ba. Ya zagaya kowace ƙaramar hukuma yana taron jin ra'ayi, mutane sama da 10,000 suka halarta, fiye da 1,000 suka yi magana. A wani zauren matar ɗan sandan da aka kashe ce za ta miƙe, a wani kuma dangin wanda harsashin roba ya kashe. Mutane da dama, wannan ne karon farko da wata hukuma ta zauna ta saurare su har suka kai aya.

Rahoton ya fito a watan Satumba 1999 da shawarwari 175. Ginshiƙansa biyu ne: kare haƙƙin ɗan Adam ya zama shi ne ma'aunin aikin, sannan aiki tare da jama'a ya zama babban aikin rundunar gaba ɗaya da na kowane ofishi, kada a tura shi wani ƙaramin sashe a manta. Ya sauko har kan ƙananan abubuwa. Kowace unguwa ta sami tawagarta ta 'yan sanda. Ɗan tawagar ya yi aƙalla shekara 3 a wurin, in da hali 5, don a san shi, shi ma ya san mutane. Ya maƙala sunansa a ƙirji, ya yi sintiri a ƙafa inda tsaro ya bari. Ofisoshi su koma kama da gine-ginen da mutum zai iya shiga ba tare da gabansa ya faɗi ba. A rage yawan jami'ai daga kusan 13,000 zuwa 7,500. A sauya suna, da tambari, da rantsuwar kama aiki, a kuma daina kafa tutar Birtaniya a ofisoshin 'yan sanda.

Nan ne aka yi ta. David Trimble, jagoran babbar jam'iyyar Furotesta a lokacin, ya ce bai taɓa ganin aikin da aka yi shi sakaka irin wannan ba. Iyalan 'yan sandan da aka kashe suka ɗauki sauya sunan a matsayin cin fuska ga mamatansu, kuma lambar girmamawa ta George Cross da aka ba rundunar a wannan tsakanin ba ta share musu hawaye ba. Da gwamnatin Landan ta zo mayar da shawarwarin doka a 2000, sai ta surka su har ɗaya daga cikin 'yan kwamitin, Clifford Shearing, ya fito fili ya ce an fafe rahoton an bar ɓawo. Sai da aka sake zama a 2001, aka yi alkawarin gyara dokar, sannan jam'iyyar SDLP ta 'yan Katolika masu sassaucin ra'ayi da manyan limaman cocinsu suka ba da goyon baya. Sinn Féin, jam'iyyar da ke tafiya da IRA, ta ce ba da ita ba. A ranar 4 ga Nuwamba 2001 RUC ta koma PSNI, sabon sunan rundunar.

Mai kallo daga nesa zai ce gardamar suna da tambari ɓata lokaci ce. Ni ban ɗauke ta haka ba. Mutumin da ya shekara yana ganin wata alama a jikin motar sulken da ke zuwa bincike gidansu da asuba, ba zai tura ɗansa ya sa ta a hula ba. Sabon tambarin ya ɗauki alamu shida, har da kambin sarauta don ɓangare ɗaya da garayar Ailan don ɗayan, kuma 'yan siyasar ɓangarorin biyu ne suka amince da shi a zaune ɗaya. Ƙaramin abu ne, amma shi ne gwajin farko da suka ci tare.

Zauren gunduma

Haɗin gwiwar da aka fi tallatawa hawa biyu ne. A sama akwai hukumar sa ido mai mutum 19, 10 daga cikinsu 'yan majalisa, 9 masu zaman kansu, wadda ke naɗa shugaban rundunar, tana kuma kiransa ya amsa tambayoyi a bainar jama'a. A ƙasa, daga 2003, aka kafa kwamitin haɗin gwiwa a kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 26, da kansiloli da mutanen gari, kansilolin sun ɗara da kujera ɗaya.

Ga yadda zaman kwamitin yake tafiya a wancan lokacin. A jera tebura a zauren ƙaramar hukuma ko na wata cibiyar unguwa. Kwamandan gunduma ya zo cikin kaki ya karanto alƙaluma: fasa gidaje ya ragu ko ya ƙaru, haɗarin mota kaza, waɗanda aka kama kaza. Membobi su yi tambayoyi. Mutumin gari da ke son cikakkiyar amsa, tambayarsa a rubuce zai aiko kafin ranar. Sau da yawa kujerun baya sun fi masu zama a kansu yawa, kuma masu zuwan galibi dattawa ne da dama can ba su da matsala da 'yan sanda. Saurayin da ake tsayarwa a titi ana caje aljihunsa, wanda don irinsa aka kafa zauren, ba ya zuwa, kuma ba a yi wani babban ƙoƙarin zuwa inda yake ba.

Akwai dalilin raunin. Patten ya ba da shawarar a bar ƙananan hukumomi su ƙara ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a kan harajin gidaje, kwamitocin su kashe shi wajen tsaron da unguwa ta ga ya fi damunta. An cire wannan, don tsoron kada kuɗin ya faɗa hannun ƙungiyoyin da ke da alaƙa da 'yan bindiga. An kuma hana tsofaffin fursunoni zama membobi masu zaman kansu da farko, alhali a unguwannin da abin ya fi ƙamari su ne masu faɗa a ji. Sai aka wayi gari da kwamiti mai ikon tambaya da ba da shawara, amma ba shi da asusu, ba ya iya tilasta komai. A 2012 aka haɗe su da kwamitocin kare lafiyar jama'a aka yi sabon tsari, wanda ya sami ɗan kuɗin gudanar da ayyuka, sai dai ƙarancin masu halarta bai gushe ba.

Duk da haka ba zan ce aikin banza ba ne. 'Yan Katolikan da suka karɓi kujerun a 2003 sun saye su da tsada. 'Yan tawayen da suka ƙi yarjejeniya sun ƙona wa wasu motoci, sun aika wa wasu da barazanar kisa. Kaɗan suka ajiye, yawancinsu suka dake. Denis Bradley, tsohon limamin coci daga Derry kuma mataimakin shugaban hukumar sa ido, an jefa wa gidansa bam ɗin fetur, daga baya a 2005 aka fasa masa kai yana zaune yana kallon ƙwallo. Amfanin zauren shi ne abin da ido ya gani: kwamanda a tsaye yana ba kansila amsa, abin da ba a saba ba. Amma wannan kaɗai da ba zai kai ko'ina ba.

Ofishin da ya yi cizo

A watan Nuwamba 2000 aka buɗe ofishin karɓar ƙorafi a kan 'yan sanda, mai cin gashin kansa, da nasa masu binciken, da ikon kama ɗan sanda da karɓe takardu. Kafin nan, wanda ɗan sanda ya zalunta wurin 'yan sanda yake kai ƙara, abokan aikin wanda ake ƙara su bincika. Shugabar farko ita ce Nuala O'Loan, malamar shari'a. Mijinta ɗan siyasa ne a SDLP, abin da ya sa wasu suka ce ai ta ɓangare ɗaya ce. Sai dai ita ce bam ɗin IRA ya rutsa da ita a 1977 tana da ciki, cikin ya zube. Da wuya a ce mata mai tausaya wa 'yan bindiga.

Gwajinta na farko babba shi ne harin bam na garin Omagh na 15 ga Agusta 1998, wanda ya kashe mutum 29, ciki har da mace mai cikin tagwaye. Rahotonta na Disamba 2001 ya nuna sashen sirri na rundunar ya sami kiran gargaɗi kwanaki kafin harin bai sanar da kwamandan garin ba, bayan harin kuma ya riƙe bayanan da masu bincike ke buƙata. Ba ta ce lalle da an hana harin ba, amma ta soki shugabancin rundunar kai tsaye. Shugaban, Ronnie Flanagan, ya fusata har ya ce in abin da aka rubuta gaskiya ne zai kashe kansa a bainar jama'a. Ba ta janye ba. Wannan ya faru ne wata ɗaya kacal bayan haihuwar sabuwar runduna, lokacin da duk mai son lallaɓa al'amura zai ce a jinkirta tukuna.

Na biyun ya fi zafi. Wani uba ɗan Furotesta daga arewacin Belfast, wanda 'yan bindigar ɓangarensa na UVF suka kashe wa ɗa a 1997, ya yi ta bugun ƙofofi yana cewa makasan 'yan rahoton 'yan sanda ne, shi ya sa ba a taɓa su. A watan Janairu 2007 O'Loan ta tabbatar da zarginsa: jami'an sashen sirri sun kare masu kawo musu rahoto a cikin ƙungiyar, waɗanda ke da hannu a kisan aƙalla mutum 10, suna kuma biyansu. Wasu manyan jami'an da suka yi ritaya sun ƙi ba ta haɗin kai. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Abin da 'yan Katolika suka shekara suna faɗa ana ce musu farfaganda ce, ga shi hukumar gwamnati ta rubuta da hannunta, kuma a kan ƙarar ɗan Furotesta.

Mutum zai zaci irin wannan tonon silili zai ƙara nisanta jama'a da 'yan sanda. Akasin haka aka gani. Kwanaki kaɗan bayan fitar rahoton, ranar 28 ga Janairu 2007, babban taron Sinn Féin ya amince da goyon bayan PSNI da gagarumin rinjaye. Ba rahoton kaɗai ya jawo haka ba, don yarjejeniyar St Andrews ta Oktoba 2006 ta riga ta sa amincewa da 'yan sanda ya zama sharaɗin shiga gwamnati. Amma ya ba shugabannin jam'iyyar abin da za su nuna wa magoya bayansu: yanzu akwai ƙofar da in ka buga za a buɗe, ko da wanda kake ƙara mai tauraro ne a kafaɗa.

Wa ke sanye da kakin

Dabara ta uku ita ce ɗaukar aiki raba-daidai. Duk mai nema sai ya ci jarrabawa iri ɗaya. Daga cikin waɗanda suka ci, a ɗauki rabi 'yan Katolika, rabi waɗanda ba Katolika ba. A gefe guda aka buɗe ƙofar ritaya da kuɗin sallama mai tsoka, dubban tsofaffin jami'ai suka tafi. Cikin shekara 10 'yan Katolika suka tashi daga kashi 8 zuwa kusan 30, sannan aka dakatar da tsarin a watan Maris 2011. Yana da waɗanda ya cuta, kuma bai kamata a shafe wannan ba: samari da 'yan matan Furotesta da suka ci jarrabawa aka ce musu babu gurbi saboda gidan da suka fito. An kuma yi abin kunya, don binciken masu duba asusun gwamnati a 2012 ya gano an dawo da sama da 1,000 daga cikin waɗanda aka sallama a matsayin ma'aikatan wucin gadi. To amma babu wata hanya da ta sauya fuskar rundunar da sauri irin wannan. Ƙungiyar wasannin gargajiya ta GAA, wadda kulob-kulob ɗinta ke ko'ina a yankunan Katolika, ita ma ta soke dokarta ta hana jami'an tsaro shiga a watan Nuwamba 2001.

Abin da ya faru a cikin unguwanni

Matsin lamba bai tsaya a sama ba. A ƙarshen Janairu 2005 aka daɓa wa wani mutum mai suna Robert McCartney wuƙa har lahira bayan wata hatsaniya a wata mashaya da ke tsakiyar Belfast, kuma 'yan IRA ake zargi. Mutane kusan 70 ne a wurin, amma kowa ya ce bai ga komai ba, da yawa suka ce suna bayi lokacin. 'Yan'uwansa mata, waɗanda suka tashi a unguwar da Sinn Féin ke da ƙarfi, suka ce kotu suke so. IRA ta yi tayin harbe waɗanda suka yi kisan, suka ƙi. Har yau ba a hukunta kowa a kan kisan ba, amma lamarin ya tona ainihin tsadar zama babu 'yan sanda: wanda ake kai wa ƙara in shi ya yi laifin, babu inda za a je.

A wannan gurbin ne ƙungiyoyin sulhu na unguwa suka yi aiki, tun wajen 1998, a yankunan ɓangarorin biyu, da yawansu tsofaffin fursunoni ne ke jan su. A zaunar da yaron da ya yi ɓarna da wanda aka yi wa, a sa ya biya ko ya gyara, a shiga tsakani kada a harbe shi. Da farko na yankunan Katolika ba sa hulɗa da 'yan sanda ko kaɗan, gwamnati kuma tana musu kallon wata fuskar 'yan bindiga. Daga 2007 aka gindaya ƙa'ida: masu duba ayyukan shari'a su tantance su, su kuma su riƙa miƙa laifuffuka ga hukuma. Wannan haɗin gwiwa ba shi da kyan gani a takarda kamar zauren gunduma, amma ya fi shi isa ƙofar gidajen da ake nema.

An gwada ƙarfin abin da aka gina da jini. A watan Maris 2009 'yan tawaye suka harbe Stephen Carroll a Craigavon lokacin da ya amsa kiran neman agaji, shi ne ɗan PSNI na farko da aka kashe. Martin McGuinness, tsohon kwamandan IRA da ya zama mataimakin shugaban gwamnatin yankin, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da shugaban 'yan sanda Hugh Orde ya kira makasan maciya amanar tsibirin Ailan. A ranar 2 ga Afrilu 2011 bam ɗin da aka ɗana a ƙarƙashin mota ya kashe Ronan Kerr a Omagh, ɗan Katolika mai shekara 25 da bai daɗe da gama horo ba. 'Yan kulob ɗinsa na GAA da 'yan sanda ne suka yi karɓa-karɓar ɗaukar akwatin gawarsa, mahaifiyarsa kuma ta roƙi 'yan Katolika kada wannan ya hana su shiga aikin. Shekara 10 kafin nan, ko shiga kulob ɗin ba zai iya ba.

Inda aka tsaya

Yawan 'yan Katolika a rundunar ya maƙale a wajen kashi ɗaya cikin uku tun da aka daina raba-daidai, alhali ƙidayar 2021 ta nuna waɗanda suka fito daga gidajen Katolika kashi 45.7 ne, na Furotesta kashi 43.5. 'Ya'yan talakawan unguwannin Belfast da Derry har yanzu ba su cika nema ba, kuma wanda ya shiga sau da yawa sai ya ƙaura. Harbi a ƙafa ya ragu amma bai ƙare ba. Wani lokaci ma iyaye ne ke raka yaron wurin da aka ce a kawo shi, don gudun abin da ya fi haka. Tun 2007 jagorancin leƙen asirin tsaron ƙasa ya koma hannun hukumar MI5, wadda hukumar sa ido ta yankin ba ta da iko a kanta.

Ƙorafi kuma ya sauya gida. Bayan da aka ƙi gurfanar da kowa a kan cunkoson jana'izar Bobby Storey, jigo a IRA, wadda aka yi a watan Yuni 2020 ana tsaka da dokar korona, matasan unguwannin Furotesta sun yi tarzoma a watan Afrilu 2021, suna cewa doka ta zama iri biyu. Jingina da yardar 'yan siyasa ma yana da nasa haɗari. A watan Fabrairu 2021 aka kama wani da ya tsira daga wani harin 'yan bindiga na 1992 a wurin taron tunawa da mamatan harin a titin Ormeau na Belfast, shugaban rundunar Simon Byrne ya nemi afuwa, aka ladabtar da ƙananan jami'ai biyu. A watan Agusta 2023 babbar kotu ta ce ladabtarwar ta saɓa doka, don an yi ta ne saboda tsoron kada Sinn Féin ta janye goyon bayanta. A wannan watan ne kuma rundunar ta saki sunaye da wuraren aikin ma'aikatanta kusan 10,000 a intanet bisa kuskure, aka kuma tabbatar sun isa hannun 'yan tawaye. Ga jami'in da ko 'yan'uwansa ba su san aikin da yake yi ba, wannan ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Byrne ya ajiye aiki a watan Satumba.

A watan Fabrairu 2024 Michelle O'Neill ta Sinn Féin, shugabar gwamnatin yankin, ta halarci bikin yaye sababbin 'yan sanda, karon farko da wani jigon jam'iyyarta ya yi haka. A wannan shekarar yawan jami'ai ya sauko zuwa wajen 6,300, ƙasa sosai da 7,500 da Patten ya ce ana buƙata a lokacin zaman lafiya, kuma sabon shugaban rundunar, Jon Boutcher, ya yi ta kokawa a fili cewa kasafin da ake ba shi ba ya isa. In aka rasa wanda zai amsa kiran gaggawa, daga tawagogin unguwa ake fara ɗebowa, wato daga cikin mutanen da aka ce su yi shekara 3 zuwa 5 a wuri ɗaya da sunansu a ƙirji.